Daga Dokar Legas Zuwa Shari'ar Yamai: Ƙungiyoyin Lauyoyi da Neman Hanyar Ƙetare Iyaka

A ce wani ɗan kasuwa a Katsina ya ba abokin cinikinsa na Maraɗi bashin kaya, lokacin biya ya zo magana ta lalace, dattawan kasuwa suka yi iya yinsu abin ya faskara. Tsakanin garuruwan nan biyu ba a kai kilomita 100 ba. Harshensu ɗaya, akwai auratayya a tsakani, sarautarsu ma tushenta ɗaya. Amma ran da maganar ta je gaban alƙali, lauyan Bakatsinen nan ba shi da ikon miƙewa ya ce uffan a kotun Maraɗi. Takwaransa na Nijar shi ma idan ya zo Katsina, bencin 'yan kallo ne nasa. Naira ta fi lasisin lauya 'yanci, domin ita ana karɓarta a kasuwannin tsallaken iyaka. Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, wannan lauyan na Nijar yana iya hawa jirgi ya tafi har Dakar ya kare wanda ya ɗauke shi, saboda ƙasashe takwas na Afirka ta Yamma masu amfani da kuɗin sefa sun yi doka ɗaya a 2014 da ta daidaita aikin lauya a tsakaninsu. Dakar mai nisa a buɗe take gare shi, Katsina da ke bayan gida a rufe.

Bambancin ya wuce takardar izini. Lauyan Najeriya ya gaji tsarin Ingila: hular gashi, dogaro da hukuncin da manyan kotuna suka yanke a baya, da titsiye shaida da tambayoyi a bainar jama'a har sai ya faɗi abin da bai yi niyyar faɗi ba. Na Nijar a tsarin Faransa ya tashi, inda kundin doka ne a gaba, yawancin gwagwarmayar a rubuce ake yinta, alƙali ne kuma ke jan ragamar tambayoyi. Shugaban lauyoyinsu batoniye suke ce masa, wato mai riƙe da sanda. Layin da Turawan Ingila da na Faransa suka ja a farkon ƙarni na 20 ya raba gonaki da dangi, ya kuma raba yadda masu shari'a ke tunani.

Ba a Afirka aka fara kokawa da wannan matsala ba. A 1873 an kafa ƙungiyoyi biyu na masana dokar ƙasa da ƙasa a Beljiyam, ɗaya a birnin Ghent, ɗaya a Brussels, kuma dukansu suna nan har yau. A 1927 aka kafa haɗaɗɗiyar ƙungiyar lauyoyi ta UIA, wadda masu Faransanci suka fi yawa a cikinta, sannan a 1947 wakilan ƙungiyoyin lauyoyi 34 suka haɗu a New York suka kafa IBA. Amfanin farko da lauya ke samu a irin waɗannan wurare shi ne sanayya: ya san wa zai kira a wata ƙasa idan aiki ya kai shi can, wanda zai tsaya masa a kotun da shi ba shi da bakin magana. Bayan sanayya sai ƙa'idojin aiki. Idan kamfanin Landan da na Paris suka kai rigimarsu gaban masu sasanci, wannan ya saba a tilasta wa abokin shari'a ya fito da takardunsa, wancan kuwa a wurinsa abin ya yi kama da binciken ɗakin mutum. IBA ta rubuta ƙa'idojin karɓar shaida a 1983, ta sake fasalinsu a 1999, ta bi tsakiya, yau ana amfani da su a sasancin kasuwanci a ko'ina, alhali babu gwamnatin da ta sa musu hannu. Masu rigimar ne da kansu ke cewa sun yarda da su.

Duk wannan taimako ne na gaske. Amma a nahiyarmu, a ganina, babban abin da ƙungiyoyin lauyoyi suka yi wa lauyan da aikinsa ke ƙetare iyaka shi ne nema masa ɗakin da zai tsaya a ciki. Sanayya da ƙa'ida ba su da amfani ga wanda babu kotun da za ta saurare shi. Aikin samar da wannan ɗaki ya ci shekara 44, kuma a Legas ya fara.

Legas, 1961

Najeriya tana wata uku da samun 'yancin kai, daga 3 zuwa 7 ga Janairun 1961, alƙalai da lauyoyi da malaman shari'a 194 suka taru a Legas. Sun fito daga ƙasashen Afirka 23 da wasu ƙasashe 9 na sauran nahiyoyi. Wadda ta kira taron ita ce Hukumar Masana Shari'a ta Duniya, ƙungiya mai zaman kanta da ke da hedikwata a Geneva. Kada a haɗa ta da Kotun Duniya ta birnin Hague, ko da yake harufan da ake taƙaita sunayensu da su a Turanci iri ɗaya ne. An haifi ƙungiyar a Berlin ta Yamma a 1952, cikin zafin yaƙin cacar baka, kuma haihuwar ta zo da jini: makonni kaɗan kafin taron kafa ta, jami'an leƙen asirin Jamus ta Gabas suka sace wani lauya mai suna Walter Linse, ɗaya daga cikin masu shirya taron, aka kashe shi a Mosko a ƙarshen 1953. Tun daga ranar farko, ke nan, mutanen ƙungiyar sun san abin da kan sami lauyan da ya sa baki a harkar da ke bayan wata iyaka.

Alƙalin alƙalan Najeriya na lokacin, Sir Adetokunbo Ademola, shi ya shugabanci taron Legas. Gwamna Janar Nnamdi Azikiwe ya yi jawabi inda ya nemi ƙasashen Afirka su ƙulla yarjejeniyar kare haƙƙin ɗan Adam ta kansu. Takardar da aka fitar a ƙarshe, wadda ake kira Dokar Legas, gajeriya ce. Sakin layinta na huɗu shi ne ya rayu: ya gayyaci gwamnatocin Afirka su duba yiwuwar yin irin wannan yarjejeniya, a kafa mata kotu, kuma ƙofar kotun ta kasance a buɗe ga kowane mutum da ke ƙarƙashin ikon ƙasashen da suka sa hannu. A lura da kalmar kowane mutum. A dokar ƙasa da ƙasa ta wancan zamani, ƙasa ce ke ƙarar ƙasa. Talaka ya kai gwamnatinsa ƙara a wajen ƙasarsa, wannan a Turai kaɗai aka fara gwada shi, can ma kotun ba ta fi shekara biyu da fara aiki ba.

Ba a yi shekara biyu ba garin da ya karɓi baƙuncin taron ya nuna iyakar abin. A ƙarshen 1962 aka gurfanar da Cif Obafemi Awolowo bisa tuhumar shirya kifar da gwamnati. Ya ɗauko wani babban lauya daga Ingila, E. F. N. Gratiaen, ya kare shi. Lauyan ya sauka a filin jirgin Legas, jami'an shige da fice suka hana shi shiga bisa umarnin ministan harkokin cikin gida, Alhaji Usman Sarki. Awolowo ya kai ƙara, yana cewa tsarin mulki ya ba shi damar zaɓar lauyan da yake so. Mai shari'a Udo Udoma ya yanke cewa damar tana nan, amma ta tsaya ne ga lauyan da ke da ikon shigowa ƙasar, kuma Kotun Ƙoli ta tabbatar da haka a 1966. Awolowo ya ƙare da kare kansa, aka ɗaure shi shekara 10. Ko mutum yana ganin laifin Awolowo ko ba ya gani, darasin da lauyoyi suka ɗauka a fili yake: muddin a kotun gida za a yi shari'a, mai tambarin fasfo ya fi alƙali iko a kan wanda zai tsaya a gabansa.

Shekarun jira

Da aka kafa Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a Addis Ababa a 1963, ginshiƙinta shi ne kada wata ƙasa ta tsoma baki a harkar cikin gidan wata. Maganar kotu ta bi ruwa. A 1972 aka ɗauke alƙalin alƙalan Yuganda, Benedicto Kiwanuka, daga harabar kotunsa, aka kashe shi. Shekara uku bayan haka Idi Amin ya zama shugaban ƙungiyar ta Afirka gaba ɗaya. Wanda duk ya ce a lokacin Dokar Legas ta mutu, ba za a ga laifinsa ba.

Abin da ƙungiya ta fi mutum ɗaya da shi shi ne ba ta gajiya da maimaita magana. Hukumar nan ta Geneva ta sake tara masana shari'ar ƙasashe masu Faransanci a Dakar a 1967, ta kuma komawa can a 1978. A wannan karon ba a tsaya ga fitar da takarda ba, sai aka naɗa ɗan kwamiti da ya riƙa bin shugabannin ƙasashe ɗaya bayan ɗaya. Jagoran tafiyar shi ne Kéba Mbaye, shugaban Kotun Ƙolin Senegal, wanda kuma yake shugabantar hukumar a lokacin. Shi da abokansa suka shawo kan Shugaba Senghor ya gabatar da ƙuduri a taron Monrovia na 1979. Sa'a ta zo daidai, domin a shekarar ce Idi Amin da Bokassa da Macías Nguema duk suka faɗi, kunya ta kama sauran shugabanni. Mbaye ya jagoranci rubuta daftarin, aka amince da Yarjejeniyar Afirka Kan Haƙƙin Ɗan Adam da na Al'ummomi a Nairobi a 1981, ta fara aiki a 1986. Najeriya ta mayar da ita dokar gida tun 1983.

Sai dai an cire kotun. Hukuma aka kafa a Banjul, wadda ke iya ba da shawara kawai. Sai a 1998 aka sa hannu kan kafa kotun Afirka a Wagadugu, ta zauna a Arusha ta Tanzaniya, amma aka ɗaura mata sharaɗi: mutum ba zai kai ƙasarsa ƙara kai tsaye ba sai ƙasar ta ajiye takarda ta musamman cewa ta yarda. Ƙasashe ƙalilan suka ajiye. Najeriya, mai masaukin taron 1961, ba ta cikinsu.

A nan ya kamata in faɗi wani abu da masu yabon waɗannan ƙungiyoyi kan tsallake. A 1967 ta fito fili cewa wani ɓangare na kuɗin da hukumar Geneva ta yi aiki da su a shekarunta na farko daga hukumar leƙen asirin Amurka, CIA, suka fito ta bayan fage, yawancin membobinta ba su sani ba. Abin ya kusa rusa ta. Wannan bai sa maganar da aka yi a Legas ta zama ƙarya ba, amma hannun mai bayarwa shi ne a sama, kuma tambayar wa ke biyan kuɗin taron lauyoyi ba ta taɓa rabuwa da wannan tarihi ba.

Ɗan kasuwar da ya ƙwanƙwasa ƙofa

Inda aka buɗe ƙofar a ƙarshe ba inda ake zato ba ne. ECOWAS, ko CEDEAO a bakin mutanen Nijar, ƙungiyar kasuwanci ce da aka kafa a 1975. An amince da kafa mata kotu a 1991, aka rantsar da alƙalan farko su bakwai a 2001, mai shari'a Hansine Donli ta Najeriya ta zama shugaba. Aka ba su mazauni a Abuja, suka zauna kusan shekara uku babu ƙara ko ɗaya, domin dokar ta ce ƙasashe da hukumomin ƙungiyar ne kaɗai za su iya zuwa, su kuwa shugabanni ba sa kai juna kotu.

A watan Agustan 2003 gwamnatin Obasanjo ta rufe iyakar Najeriya da Jamhuriyar Benin saboda 'yan fashi masu tsallakowa. Wani ɗan kasuwa, Afolabi Olajide, da rufewar ta hana shi isa ga kayan da ya yi ciniki, ya shigar da ƙarar Najeriya a kotun, yana cewa an karya yarjejeniyar ECOWAS ta 'yancin zirga-zirgar mutane da kaya. Ita ce ƙarar farko a tarihin kotun. Muhawarar ta koma kan kalma ɗaya. Dokar ta ce ƙasa tana iya shigar da ƙara a madadin ɗanta; lauyan Afolabi ya ce tunda "tana iya" aka rubuta, ba a hana ɗan ƙasar zuwa da kansa ba. Ya kuma nuna wautar da ke cikin tsarin: mutumin da ƙasarsa ce ta cuce shi, wa zai shigar masa da ƙarar? A Afrilun 2004 alƙalan suka ce hannunsu a ɗaure yake, suka kori ƙarar.

Abin da ya biyo baya shi ne zuciyar wannan labari. Alƙalan da kansu suka fito suna cewa a gyara dokar, suka riƙa bin taron lauyoyi da ofisoshin gwamnatoci da wannan magana. A shekarar ce kuma aka kafa Ƙungiyar Lauyoyin Afirka ta Yamma, WABA, wadda ta haɗa masu Turancin Ingilishi da masu Faransanci da masu harshen Fotugal a inuwa ɗaya. Lauyan Legas Femi Falana, wanda gwamnatocin soja suka sha tsarewa, yana cikin jigoginta, ya kuma shugabance ta. Mutanen da suka kafa ta sun san dalilin da ya sa ƙungiyar gida kaɗai ba ta isa ba. Ƙungiyar lauyoyin Najeriya, NBA, duk da girmanta, ta dare a taronta na Fatakwal a 1992, ta zauna ba shugabanci na ƙasa har 1998, wato a daidai shekarun da aka fi bukatar muryarta. A ƙarshen 2004 lauyoyin yankin da ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam da jami'an ECOWAS suka zauna a Dakar, da kuɗin gidauniyar OSIWA, suka tsara abin da suke so a sa a dokar.

Ranar 19 ga Janairun 2005, a Akra, shugabannin ƙasashen suka sa hannu kan gyaran. Wata tara kacal bayan korar ƙarar Afolabi. Gyaran ya ba kotun hurumin sauraron ƙarar take haƙƙin ɗan Adam da aka yi a kowace ƙasa ta ƙungiyar, ya ba mutum ɗaya damar zuwa da kansa. Sharuɗɗan biyu ne: kada mai ƙara ya ɓoye sunansa, kada kuma ƙarar ta kasance a gaban wata kotun ƙasa da ƙasa. Ba a ce sai ya gama bin kotunan ƙasarsa tun daga ƙasa har sama ba, alhali wannan sharaɗi yana nan a kotun Turai da ta nahiyar Amurka da ta Arusha. Da alƙalan suka zo neman ma'aunin da za su yi hukunci da shi, sai suka ɗauko yarjejeniyar Nairobi ta 1981, domin yarjejeniyar ECOWAS da aka sabunta a 1993 ta ambace ta. Sakin layin nan na huɗu na Dokar Legas ya sami kotunsa bayan shekara 44.

Ga lauya kuwa, ribar ita ce ƙa'idar kotun ta yarda duk wanda ke da izinin aiki a gaban kotun wata ƙasa ta ƙungiyar ya tsaya a gabanta. Ana shari'a da Ingilishi ko Faransanci ko harshen Fotugal, akwai tafinta. A ɗakin nan lauyan Katsina da na Yamai kafaɗarsu ɗaya.

Birnin Ƙonni

Shari'ar da ta sa duniya ta san kotun daga ƙasar Hausa ta fito. A 1996 aka sayar da wata yarinya 'yar shekara 12, Hadijatou Mani, kan sefa dubu 240 ga wani mutum mai mata huɗu a yankin Birnin Ƙonni. Al'adar ana ce mata wahaya: mace ta biyar, ba sadaki, ba ɗaurin aure, aikin gida da na gona nata ne, kwana kuma duk lokacin da maigida ya so. Ta yi kimanin shekara tara a haka, ta haihu. Nijar ta sa bautar da mutum cikin manyan laifuka a 2003. A 2005 mutumin ya ba ta takardar 'yanci, amma da ta tashi tafiya sai ya ce ai matarsa ce.

A bi sawun abin da kotunan gida suka yi da ita, don a ga amfanin cire sharaɗin nan. Ƙaramar kotun Ƙonni ta ce babu aure, ta tafi abinta. Babbar kotun garin ta rushe wannan hukunci. Kotun Ƙoli a Yamai ta soke na babbar kotun saboda kuskuren tsari, ta mayar da shari'ar baya, ba ta ce komai kan bautar ba. Ana cikin haka Hadijatou ta auri wanda take so, sai tsohon ubangidan ya kai ƙara cewa ta yi aure kan aure. A 2007 aka yanke mata ɗaurin wata shida, ta yi kusan wata biyu a gidan kaso kafin a sake ta.

A ƙarshen shekarar aka shigar da ƙararta a kotun ECOWAS. Lauyanta ɗan Nijar ne, Abdourahaman Chaibou, lauyoyin wata cibiyar shari'a ta Landan mai suna Interights suka dafa masa, ƙungiyar Timidria ta Nijar da wata tsohuwar ƙungiyar yaƙi da bauta ta Birtaniya suka tsaya mata. Wannan shi ne irin aikin da aka daɗe ana shimfiɗa wa hanya: wanda ya san Ƙonni da al'adarta da fayil ɗin kotunanta, ya haɗu da waɗanda suka san abin da kotunan duniya suka faɗa kan ma'anar bauta. Saboda talaucin mai ƙara da nisan shaidu, kotun ta bar Abuja ta zo ta zauna a Yamai a Afrilun 2008. Lauyoyin gwamnati suka ce ba ta gama da kotunan gida ba, alƙalan suka ce dokar 2005 ba ta nemi haka ba. Ranar 27 ga Oktoban 2008 aka yanke cewa an bautar da ita, kuma Nijar na da alhaki domin alƙalanta da jami'anta sun ga abin sun kau da kai. Aka ba ta diyyar sefa miliyan 10, gwamnati kuma ta biya.

Gina ɗaki daban, tsare shi daban. A 2008 ɗin dai kotun ta umarci Gambiya ta saki ɗan jarida Ebrima Manneh, wanda jami'an tsaro suka kama a 2006 ba a sake ganinsa ba, ta kuma biya dala dubu 100. Falana ne ya tsaya a shari'ar, ɗan Najeriya yana ƙarar Gambiya a madadin ɗan Gambiya, abin da ba zai yiwu a Banjul ta Yahya Jammeh ba. A 2009 gwamnatin Jammeh ta kawo ƙudurin a gyara dokar kotun, a sa sharaɗin sai an gama da kotunan gida. A ƙasar da alƙali ke tsoron shugaba, wannan daidai yake da rufe ƙofar. WABA da ƙungiyoyin kare haƙƙi da na 'yan jarida suka tashi, suka fallasa ƙudurin a jaridu, wasunsu suka kai ƙara kotun kanta, aka kuma ba wakilan lauyoyi kujera a taron ƙwararrun da ya duba shi a Abuja. Ƙwararrun suka yi watsi da shi, ministocin shari'a suka bi bayansu.

Don a san ba dole ba ne abin ya ƙare haka, a dubi kudancin Afirka. Can ma ƙungiyar SADC tana da kotu a Windhoek, wadda a 2008 ta yanke hukunci a kan gwamnatin Mugabe game da ƙwace gonakin Turawa. Lauyoyin yankin sun yi irin ƙoƙarin da takwarorinsu na yamma suka yi, amma shugabannin ƙasashen suka dakatar da kotun a 2010, daga baya suka cire wa mutum ɗaya damar zuwa. Ƙungiyar lauyoyin Afirka ta Kudu ta kai shugaban ƙasarta ƙara a gida, ta yi nasara a 2018 cewa sa hannunsa a rushewar ya saɓa wa tsarin mulki. Ta Tanzaniya ma ta yi nasara irin wannan a 2019. Kotun Windhoek dai ba ta dawo ba.

Ko a yamma ba a rasa abin takaici. A Oktoban 2016 kotun ta umarci Najeriya ta saki Kanar Sambo Dasuki, bai fito ba sai a Disamban 2019. An rage alƙalanta daga bakwai zuwa biyar a 2018, ƙararraki kuwa ƙaruwa suke yi. Su kansu ƙungiyoyin, tarukansu a manyan otal ake yinsu, da kuɗin jirgi da na rajista da sai lauyan babban birni ke iya biya. Matashin lauya a Gusau ko Damagaram, wanda shi ne ya fi kusa da mutanen iyaka, da wuya ya ga cikin zauren.

Sai kuma Afolabi. Shi ya ƙwanƙwasa ƙofar, amma da aka buɗe ba irinsa aka buɗe wa ba. Gyaran 2005 ya ba mutum damar ƙarar gwamnati kan take haƙƙin ɗan Adam, bai ba ɗan kasuwa damar ƙararta kan karya dokokin cinikin ECOWAS ba. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: waɗanda suka zauna a teburin Dakar lauyoyin kare haƙƙi ne, masu ƙungiya da masu ba su kuɗi, fatake da direbobin manyan motoci kuwa ba su da wakili a wurin. Gwamnatoci su ma sun fi jin sauƙin biyan diyyar mutum ɗaya a kan a hana su rufe boda. Da Najeriya ta sake rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, motoci suka yi layi a Jibiya da Illela da Maigatari, kayan gwari suka ruɓe, dokar kotun tana nan yadda aka bar ta.

Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, ɓangarorin biyu duka Abuja suka nufa. Gwamnatin soja ta nemi kotun ta dakatar da takunkumin da aka sa wa ƙasar, a Disamba kotun ta ƙi, tana cewa ƙungiyar ba ta amince da gwamnatin ba. Lauyoyin Mohamed Bazoum, waɗanda suka fito daga ƙasashe daban-daban, suka sami hukuncin a sake shi ranar 15 ga watan, ba a aiwatar ba. Ranar 29 ga Janairun 2025 ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS ta tabbata, kuma ficewa daga ƙungiyar ficewa ce daga kotunta. Nijar ta ajiye takardar amincewa da kotun Arusha a 2021, saboda haka a rubuce ɗan Maraɗi yana da wannan hanya, sai dai can dole ya gama da kotunan gida tukuna, sharaɗin da Jammeh ya nema aka hana shi. Ɗan Katsina yana da Abuja, ba shi da Arusha. Lauyoyinsu biyu kuwa, da suka yi shekara 20 suna da ɗaki ɗaya da dokarsa ta ba kowannensu damar kai ƙarar gwamnatinsa, sun koma aika wa juna takardu ta waya.